Hannun da Malam Nata'ala Ya Miƙa a Rugar Aujara

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na Limawa ya san ƙarar babur ɗin Malam Nata'ala. Idan aka idar da sallar asuba, mu mukan koma gida mu ɗan miƙe, shi kuwa sai ya turo babur ƙofar gida, ya tsuguna ya latsa tayoyi, ya girgiza tanki ya ji motsin mai. Daga nan sai ya shiga ya fito da kayan aiki: igiya mai kauri, takalmin roba mai kaiwa gwiwa, jakar sirinji, da akwatin sanyi da yake ɗaurewa a baya da lallami kamar mai goyon jariri. Matarsa Hajiya Zulaihatu ta miƙo masa kunu da 'yan dabino a leda, ya sha a tsaye. Kafin yara su fara wucewa makaranta ya riga ya bar Dutse. Yau Aujara, gobe Ringim, jibi wata ruga da ba ta da suna sai sunan mai ita.

Shekara talatin da biyar ya yi yana wannan sammako a matsayin malamin dabbobi, kuma a watan jiya ya ajiye aiki. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu, sana'ata koyarwa a sakandare. Na daɗe ina kallonsa a matsayin dattijon kirki mai yi wa shanu allura, iyakar abin da na sani ke nan. Sai a 'yan shekarun nan na ƙarshe na ga abin da ya sa na kasa yin shiru. Tun da na fara wannan rubutu hannuna ke rigan tunanina, don labarin ya cika mini baki, kuma ina so mutanen Jigawa su ji shi tun mai shi yana raye, yana iya karantawa ya ce na yi ƙari.

Malam Nata'ala ɗan makiyaya ne. A wata ruga kusa da Aujara aka haife shi, mahaifinsa ya tura shi boko, ya fito ya koma wa shanu ta wata hanyar. Har yau yana da 'yan shanunsa na gado a hannun ƙaninsa a rugar. Idan ya shiga garke ba ya ɗaga murya. Zai dafa wuyan saniya ya yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, kafin ta ankara allura ta shiga ta fita. Makiyaya suna ce masa mai sanyin hannu, kuma ba su faɗa don ya ji daɗi ba.

Abin ya faro ne ranar da wata matashiyar likita, Dokta Nuriyya, ta je ofishinsu tana neman wanda ya san rugage. Likitar mutane ce a wani asibiti a Dutse, tana kuma bincike tare da wasu malaman jami'a. Ita ta ba ni labarin haɗuwarsu da bakinta.

Ta ce masa, "Baba, ina da marasa lafiya da suka ɗaure mini kai. Zazzaɓi ya zo ya tafi, ya sake dawowa. Gumi, ciwon gaɓoɓi, ciwon baya, rama. An ba su maganin maleriya, an ba su na taifot, sai su ji sauƙi kaɗan su dawo kamar ba a yi ba. Yawancinsu mata ne masu tallan nono, sai mahauta da makiyaya."

Ya tambaye ta daga waɗanne garuruwa suke zuwa. Ta lissafa masa. Ya murza gemu, sannan ya ce, "'Yata, a rugagen da kika ambata shanu suna yawan ɓari. Wasu gwiwarsu ta kumbura ta cika da ruwa. Mu bakkale muke ce masa."

Dokta Nuriyya ta ce ji ta yi kamar ta tashi tsaye. Ta ce, "Abin da nake zargi ke nan. Cutar tana tsallakowa daga dabba zuwa mutum, ta ɗanyar madara, ko ta hannun da ya taɓa ɓarin saniya da mabiyiyarta. Amma zargi kawai nake yi. Sai mun gwada jinin mutane da na shanunsu a wuri ɗaya za mu sani."

Ya ce, "Mutanen naki ne. Shanun ki bar mini."

Da manoman gefen Ringim suka fara, masu kiwon 'yan shanu da awaki a gida, waɗanda suka yarda ba tare da wata gardama ba. Lokacin bazara ce, rana kamar ta faɗo ƙasa. Malam Nata'ala ya ɗebi jini a ƙananan kwalabe, ya jera su a tsohon akwatin sanyinsa, ya kamo hanyar Dutse. Kafin ya iso ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi, jinin ya dagule, ba ya gwaduwa. Aikin wuni guda ya tafi a banza, ga kunyar komawa wurin mutane a ce su sake kama dabbobinsu. Da hakan ta maimaitu, Dokta Nuriyya ta fara tunanin dakatar da binciken har zafi ya wuce.

A nan ne Injiniya Saifuddeen ya shigo. Shi ma cikin masu binciken yake, amma fanninsa daban: yana nazarin yadda za a haɗa abubuwan da muke zubarwa a fitar da sabon kayan aiki. Ya lura da tsibin ɓuntun shinkafa da ke bayan injinan casa, wanda ake bari iska ta kwashe ko a cinna masa wuta. Ɓuntu ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri. Sai ya niƙa shi, ya kwaɓa da ƙaro, ya matse ya zama allo mai kauri, ya shimfiɗa shi a cikin bangon akwati. A ɗakin gwaji akwatin ya yi abin mamaki, ƙanƙara ta daɗe ba ta narke ba. Injiniya ya kawo shi da murna ya ɗora a bayan babur ɗin Malam Nata'ala.

Da yamma Malam ya dawo ya buɗe akwatin a gabansa. Allon ya farfashe saboda girgizar hanya, raɓar ƙanƙara ta jiƙa shi ya zama kamar dusar da aka dama wa tumaki. Injiniya Saifuddeen ya gaya mini cewa ya tsaya yana jiran faɗa, sai ya ji dattijon yana dariya.

"Injiniya, har tsakar rana abinka yana aiki. Na sa hannu na ji sanyi kamar randa. Ramukan hanya ne suka kashe shi, sai ruwa. Gyara waɗannan biyun ka sake ba ni."

Haka suka yi ta yi. Injiniya ya gyara, Malam ya ɗauka ya bi da shi ta mafi munin hanyar da ya sani, ya dawo ya faɗi inda ya gaza. An sa zaren rama a cikin kwaɓin don kada ya karye. An lulluɓe allon da siririyar roba don kada ruwa ya taɓa shi. Na sha ganinsu a ƙofar gidan Malam da la'asar, sun baje akwati a tabarma, ɗaya da ma'aunin zafi, ɗaya da hular sanyi a aljihu ko da zafi ake yi, suna musu kamar sa'annin juna. Ranar da jini ya iso Dutse lafiya bayan doguwar tafiya a rana, na ji ihun Injiniya har cikin gidana. Na fito da sauri ina zaton wani abu ne ya faru, sai na tarar yana rungume da akwati, Malam kuma yana ce masa ya ajiye kada ya girgiza kwalaben mutane.

Sai dai babban aikin yana gaba. Inda cutar ta fi kama da yawa shi ne manyan garken da ke kewayen Aujara, kuma a can babu wanda zai kama saniya sai da yardar Arɗo Idirisu, shugaban makiyayan yankin. Arɗo ya san Malam Nata'ala tun suna yara, tare suka yi kiwo. Ya karɓe su da kyau, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin gawo, aka kawo fura. Da ya gama jin bayani sai ya ce a'a.

Ba jahilci ne ya sa ya ƙi ba, wannan ina so mai karatu ya riƙe. Cewa ya yi, "Nata'ala, kai namu ne, shi ya sa zan faɗa maka a fili. Yau ku ɗebi jini, gobe a ji a rediyo cewa nonon Fulani yana da cuta. Wa zai sake sayen ƙwaryar matanmu? Da wannan ƙwaryar suke sayen gishiri da sabulu da maganin yara. Ku za ku koma Dutse ku rubuta takardarku, mu a bar mu da sunan masu raba cuta a kasuwa. Ban yarda ba."

Dokta Nuriyya ta yi bayani iya ƙoƙarinta. Ta ce babu sunan ruga ko na mutum da zai fita, ta ce duk wanda aka samu da cutar za a yi masa magani. Arɗo ya saurara da mutunci, amma bai motsa ba. Mata suna tsaye daga nesa suna kallo. Dokta ta ce mini a ranta ta riga ta fara naɗe kaya.

Sai Malam Nata'ala ya miƙe. Ya aika aka kira ƙaninsa, ya ce a koro masa shanunsa na gado. Aka koro su har gindin gawon. Ya ce, "Arɗo, Allah ya ba ka nasara, ba zan taɓa saniyar kowa ba. Waɗannan nawa ne, ba sai na nemi izini ba." Ya ɗebi jininsu ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Da ya gama, ya wanke hannu, ya zauna a turmi, ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa wa likita.

"Ɗebi nawa, 'yata. Nonon rugar nan na sha na girma. Idan akwai abin kunya a cikinsa, ni zan fara ɗauka. Kuma duk abin da aka gani, ni da kaina zan dawo nan in faɗa, ba a rediyo za ku ji ba."

Dokta ta ɗaure masa dantse ta ɗebi jinin. Tana cikin rufe kwalbar, wata mata ta fito daga cikin matan, ramammiya, tana takawa a hankali kamar mai tsoron ƙasa. Fatsuma ke nan, matar ɗan Arɗo, mai tallan nono. Ta fi shekara tana fama da zazzaɓin da ba ya ƙarewa, ta yi ɓari a cikinsa, ta gaji da zuwa kemis har ta daina. Saboda kunyar suruki ba ta dubi Arɗo ba, ba ta yi masa magana ba. Ta durƙusa gefen likita ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni ma a duba ni. Na gaji."

Kowa ya juya yana kallon Arɗo. Arɗo ya gyara zama. Sannan ya ce, "Duk mai so a duba shi, ban hana ba. Shanu kuwa a fara da nawa."

Kai ne, Malam Nata'ala, ka buɗe wannan ƙofar, kuma ba da wayo ka buɗe ta ba. Ka san nauyin abin da Arɗo yake tsoro, ba ka rena shi ba, ba ka ce masa bai waye ba. Ka sa kanka da dukiyarka a gaba, ka ce a fara da su.

Gwajin farko da ake yi wa wannan cuta abu ne da ido ke gani. Ana ɗiga ruwan jinin da ya kwanta a kan farin faranti, a ɗiga wani ruwa mai launin hoda a gefensa, a gauraya, a riƙa karkata farantin a hankali. Idan babu komai, ruwan zai zauna sumul. Idan akwai alamar cutar, sai ya tsinke ya yi ƙananan gudaji kamar nonon da ya lalace. Dokta Nuriyya ta ce da jinin Malam ta fara, don ta ɗauka shi ne zai fito fes, ta nuna masa yadda lafiyayye yake kama. Yana tsaye a gefenta da gilashinsa a hanci. Tana karkata farantin, sai ga gudaji suna fitowa.

Ta sake yi da sabon faranti. Haka ya sake fitowa.

Ta ce, "Baba, kana ciwon baya?"

Ya ce, "Wanda ya tsufa a kan babur ai dole."

"Gumi fa, idan ka kwanta?"

"Hajiya ta daɗe tana mitar zanin gado. Na ce mata zafin Dutse ne."

"Zazzaɓi?"

"Yakan leƙo. In sha ƙwaya biyu in fita aiki."

Ta ce masa wannan gwajin nuni ne kawai, sai an tura jinin babban ɗakin gwaji an tabbatar, amma ita a ganinta ya daɗe da cutar. Tana ta neman kalmomin da za ta kwantar masa da hankali, sai ta ga fuskarsa ta washe. Ya sunkuya yana kallon farantin kamar yaro ya ga sabon abu.

Ya ce, "Ikon Allah. Ashe abin nan da nake ta yi wa shanu magana a kai yana jikina muna yawo tare. Lokacin da muka fara aiki wa ya san safar hannu? Hannu kake zurawa ka juya maraƙi, ka wanke da toka ka ci tuwo. To yanzu yana da magani?"

Ta ce, "A mutum yana da magani, Baba. Sai dai yana ɗaukar makonni, kuma ba a tsallake rana."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ci gaba da sauran, mu gani."

Sakamakon tabbatarwa ya dawo ya gaskata farantin. An samu cutar a jikin mutane da dama, an same ta a shanu, kuma gidajen da shanunsu suka fi ɓari su ne gidajen da zazzaɓin ya fi zama. Zargin Dokta Nuriyya ya zama hujja. A cikin shanun Malam Nata'ala kuwa, an same ta a jikin guda ɗaya, wata farar saniya mai suna Fure, jikar saniyar da mahaifinsa ya ba shi tun yana yaro. A saniya cutar ba ta warkewa yadda za a amince da ita. Muddin tana cikin garke, duk haihuwa ko ɓarin da za ta yi zai iya shafa wa sauran.

Ranar da zai koma Aujara ya cika alkawari, ya leƙo gidana ya ce in raka shi, don maganin da ya fara sha yana sa shi jiri, ba ya son tuƙi. A motar su Dokta muka tafi. Abin da zan faɗa yanzu da idona na gani.

Mutane sun taru a gindin gawon nan fiye da yadda aka zata, har daga wasu rugagen. Malam ya gaisa da kowa da Fillanci, sannan ya juya Hausa saboda mu baƙi da manoman da suka zo. Ya ce, "Na ce zan dawo, ga ni. An duba, an samu bakkale a shanu, an same shi a mutane. Sunan mutum ɗaya kawai zan faɗa muku, shi ne ni. Sauran kowa likita za ta gan shi shi kaɗai. Ciwon bayan da na daɗe ina ɗora wa babur, ashe ba laifinsa ba ne."

Aka yi dariya, amma ta mamaki. Ya fito da ƙwayoyinsa daga aljihu ya ɗaga sama. Ya ce iri biyu ne, ana sha kullum har a gama. Ya ce ɗaya daga ciki yana mayar da fitsari ja kamar manja, kada wanda ya gani ya ɗauka jini ne ya jefar da magani. "Ni ranar farko sai da na yi salati a banɗaki har Hajiya ta zo tana buga ƙofa." Nan dariya ta ɓarke sosai, har mata suna rufe baki da gefen mayafi. Na ga yadda tsoro ya riƙa sauka daga fuskokin mutane.

Sai ya yi maganar nono. Ya ce ba wanda ya ce a daina tatsa ko a daina talla. Wuta tana kashe ƙwayar cutar, a tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita. Idan saniya ta yi ɓari kada a taɓa da hannu tsirara, a sa safa ko leda mai kauri, a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a bar wa karnuka. Saniyar da aka samu da cutar a ware ta.

Wani dattijo daga baya ya ce, "Faɗa da sauƙi, Nata'ala. Wa zai iya raba saniyarsa da garke?"

Malam ya juya ya dube shi. Ya ce, "Fure tana ciki. Gobe ƙanina zai kai ta wurin mahauta. An riga an gaya musu halin da take ciki don su kiyaye hannunsu, naman kuwa idan ya dahu babu komai. Ba zan ce wa wani ya ware tasa ba alhali tawa tana kwana a tsakiyar garke."

Duk wanda ke wurin ya san Fure, ya san daga inda ta fito. Bayan an watse na hango shi can gefen garke shi kaɗai, ya dafa wuyanta yana mata magana. Ban matsa kusa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi faranta mini rai. Fatsuma tana cikin waɗanda aka samu da cutar, kuma ita ce ta ce in rubuta sunanta, don ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ta sha maganinta har ƙarshe. Da na koma rugar bayan damina, ban gane ta ba sai da ta gaishe ni. Ta yi ƙiba, tana ɗauke da ƙwarya a ka, tana tafiya da sauri har ina haɗawa da ɗan gudu kafin in jera da ita.

Ta ce, "Malam, da idan na tashi da safe sai na dafa bango. Yanzu ni ke tashin mutane."

Ita ce ta fara tafasa madara a rugar. Ta ce da farko matan sun ce nonon ba zai kwanta ba, ɗanɗanon zai gudu. Ta tafasa, ta bari ya huce, ta zuba ludayi ɗaya na tsohon nono, ta rufe da faifai. Da gari ya waye ya kwanta, ya yi kauri. Ta ɗanɗana wa kowa. Yanzu idan ta sauke ƙwarya a kasuwa, da kanta take faɗa wa masu saye cewa dafaffe ne, kuma ta ce nata ke riga ƙarewa. Abin da Arɗo ya ji tsoro bai faru ba. Babu wanda ya ji sunan rugarsu a rediyo, kuma ƙwaryar matansu ba ta dawo gida cike ba. Makiyaya da kansu suka fara tambayar yaushe za a kawo allurar rigakafin da ake yi wa karsana.

Malam Nata'ala ma ya warke. Hajiya Zulaihatu ta ce mini ta daina shanya zanin gado kullum, kuma mutumin da yake sallah yana cije leɓe yanzu ruku'u yake yi kamar saurayi.

Masu binciken sun rubuta abin da suka gano, wata mujallar masana ta buga. Dokta Nuriyya ta kawo masa kwafi har gida, ta nuna masa sunansa a jere da nasu a saman shafi, ba a ƙasa wurin godiya ba. Ya ce ai shi jini kawai ya ɗebo. Ta ce, "Baba, da ba ka ɗebo ba, da farar takarda za mu aika." Yanzu a asibitin da take aiki, idan mai tallan nono ko mahauci ya zo da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ana tunawa da bakkale a gwada. Akwatin ɓuntu kuma yana hannun wasu ma'aikatan lafiya suna jarraba shi wajen kai allurar rigakafin yara ƙauyuka masu nisa. Injiniya Saifuddeen ya ce har yanzu bai gama da shi ba, kuma duk sabon da ya haɗa sai ya fara kai wa Malam ya bi da shi ta ramuka.

A walimar ajiye aikinsa, wadda aka yi a ƙofar gidansa, Arɗo Idirisu ya zo da mutanensa mota guda. Da aka ba shi dama ya yi magana bai tsawaita ba. Ya ce, "Na ce a'a a ranar, kuma da dalilina. Nata'ala bai yi musu da ni ba, hannunsa ya miƙa. Yau surukata tana da lafiya. Mi yetti, Nata'ala, na gode." Ya zauna. Malam ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, ya kasa ɗagowa.

Malam Nata'ala, kai ne ka nuna mana cewa bincike ba abin wasu ƙasashe ba ne da muke jira a kawo mana a kwali. Ana yin sa a nan, da jinin shanunmu da ɓuntun shinkafarmu da tambayar likitarmu. Kai ne ka tsaya tsakanin mai farin kwat da mai sanda, kowanne yana jin harshenka, kowanne ya yarda da kai. Ka yi rashin lafiya ba ka ɓoye ba, ka yi asara ba ka yi ƙorafi ba. Mun gode. Matan da suka daina dafa bango sun gode. Yaran da za su sha dafaffen nono su girma ba tare da sun san sunanka ba, a madadinsu nake cewa mun gode.

Ku kuma matasanmu da ke karatun lafiyar mutane da ta dabbobi da haɗa kayan aiki, ga abin koyi a kusa da ku, ba sai kun nema a waya ba. Ku fita daga ofis ku je inda mutane suke. Ku saurari mai cewa a'a har ku fahimci abin da yake tsoro. Kada ku nemi wani ya yi abin da ku ba za ku iya fara yi ba. Mu sauran jama'a kuwa, idan masu bincike na gaskiya suka zo garinmu, mu yi musu tambayoyi son ranmu, sannan idan sun gamsar da mu, mu ba su haɗin kai.

Shekaranjiya na tambaye shi abin da zai riƙa yi yanzu da ya huta. Ya ce Dokta Nuriyya ta zo da sabuwar tambaya a kan kaska da wani zazzaɓi da take gani a masu kiwon awaki, kuma ta ce ba ta san hanyar rugagen ba.

Na ce, "Malam, ai ka yi ritaya."

Ya ce, "Daga ofis na yi. Awakin ba a gaya musu ba."

Allah ya ƙara maka lafiya, Malam Nata'ala. Allah ya albarkaci garkenka da zuriyarka, ya sa abin da ka yi ya zama nauyi a mizaninka, ya kuma ba Jigawa irinka da yawa.